Sawun da Ya Mutu a Dutsen Kalibu

Shanun Hayatu sun ɓata washegarin ruwan shuka. Bijimai biyu ne na huɗa, fari da baƙi. Ya fito da safe ya tarar da turke da igiya, babu dabba. Kafin rana ta ɗaga duk ƙauyen ya ji, kuma duk ƙauyen ya riga ya san gidan da zai kalla.

Ƙauyenmu yana bayan Sahuda, a gindin duwatsu, kusa da iyakar Kamaru. Sunana Adi. Bin sawu nake yi tun ubana yana raye. Ba na zuwa sai an kira ni, kuma ba na bin sawu da taro a bayana.

Hayatu ya zo da kansa. Muka gaisa. Ya ce 'yan banga sun riga ni, sun bi sawun har inda ya mutu.

"Ina?" na ce.

"Dutsen Kalibu, Baba."

"Can kuma?"

"Can kuma."

A wajenmu akwai doka tun ta kakanni. In aka bi sawun sata ya shiga gonarka ko bayan gidanka, kai za ka fitar da shi. Ka zagaya iyakarka, ka nuna wa jama'a inda kofato ya fita. In ka nuna, ka wanku, na gabanka ya karɓa. In ka kasa, kayan suna wuyanka.

Dokar nan ce ta ci Kalibu. Manomi ne daga duwatsun Michika, mutum mai shiru. Bayan gidansa akwai falalen dutse mai faɗi inda mata ke shanya. Damina biyu da suka wuce aka sace shanun huɗar Alhaji Mato, mai shagon hatsi. Sawun ya hau dutsen, bai sauka ba. Kalibu ya zagaya har ya gaji, bai ga mafita ba. Edwin, wanda a lokacin yake neman kansila, shi ya ja jama'a, shi ya miƙa Kalibu ga hukuma, shi ya tsaya shaida a kotu. Aka ɗaure Kalibu. Edwin ya ci zaɓe da sunan wanda ya kashe satar shanu a yankinmu.

Ni ina Yola a lokacin, ana cire mini yana a ido. Na dawo ruwa ya wanke komai.

Yanzu ga sata ta biyu a dutse ɗaya, mai dutsen yana gidan yari. Na ɗauka mutane za su yi tunani. Ba su yi ba. Cewa suka yi matarsa ta gaji sana'ar.

* * *

Na sa Hayatu ya koma gida. Na fara daga turken.

Tun da aka yi mini aikin ido, safiya kan zo mini kamar ina kallonta ta cikin ruwa. Ranar gajimare ya sauko ya kwanta a kan duwatsu. Ƙasa tana tururi. Gonaki sun yi ja, babu kowa a ciki, don kowa yana bakin hanya yana maganar ɓarayi.

In na daɗe ina kallon sawu, mai sawun yakan tashi a gabana. Ba sihiri ba ne. Sabo ne. Na ga bijiman nan suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, farin a dama, baƙin a hagu, kamar karkiya tana wuyansu. Ba gudu. Ba turjiya. A gefen gonar gyaɗar jauro, mai garinmu, farin ya tsaya ya ci ciyawa, aka bar shi ya gama. Baƙin yana jan ƙafar baya kaɗan, kuma mai kora ya rage tafiya saboda shi.

Sa ba ya bin baƙo haka. Baƙo kuma ba ya tausayin ƙafar san da ya sata.

Sawun mutumin ban same shi ba. 'Yan banga sun tattake shi da takalmansu. Na bi kofato har gindin dutsen. Ya hau. Daga nan ƙasa ta yi shiru.

* * *

Margret, matar Kalibu, tana zaune a ƙofar gida tana ɓare gyaɗar iri. Daga nesa mutane sun tsaya suna kallonta. Ta shimfiɗa mini buhu.

An ce ƙaninta ya zo daga Vimtim a kan babur jiya. Ta ce haka ne, irin masara ya kawo mata, ya koma kafin la'asar. Na duba. Babur ɗin ya zo da nauyi, ya koma babu nauyi, kuma ruwan dare ya sauka a kan sawunsa. Shanun bayan ruwa suka fita. Na cire shi daga raina.

Ta ba ni labarin zuwanta wurin kansila. Lauyan coci ya ce mata ana iya ɗaukaka ƙara, in wanda ya tsaya shaida zai faɗi cewa shi bai ga Kalibu da shanu ba, sawu kawai ya gani. Gaskiyar ke nan, ba ta roƙi ƙarya ba. Edwin yakan ba ta kujera da ruwan sanyi. Farko ya ce ta bari ya zauna daidai a ofis. Sannan ya ce ta bari a gama aikin rijiya. Yanzu wa'adinsa ya ƙare, yana neman jam'iyya ta sake tsayar da shi, ya ce ta bari bayan firamare, wato zaɓen fid da gwani.

"Kalibu fa?" na ce.

"Ba ya tambayar kotu, Baba. In na je, ruwa yake tambaya. An yi ruwa? Ƙasa ta jiƙa? Wa zai yi mini huɗa?"

Ta zuba gyaɗar a kwano.

"Jauro ya ce in fitar da sawun kafin jibi. In na kasa, ni ma a tafi da ni. Yaran fa, wa zan bar wa?"

Na miƙe. Ba na alkawari kafin in gani.

* * *

Yaji ɗan huɗa ne. Ba shi da sa ko ɗaya. Shanun mutane yake yi wa horo, ya yi musu huɗa da su. Na same shi a gindin ɗorawa, ya jingina garma, idonsa ja. Ya ce farin nan shi ya raine shi tun yana maraƙi. Ya ce baƙin ƙaya ce ta soke shi a ƙafa, shi yake gasa masa da ruwan zafi. Ya yi maganarsu kamar 'ya'yansa.

Sannan ya matso ya rage murya. Ya ce ya ga makiyaya sun tsallaka mayo, wato rafinmu, suna yin gabas, in ban yi sauri ba sai dai in ji labarin shanun a Kamaru.

Na tafi. Tsoho ne ni, amma na tafi. Na tsallaka mayo ruwa iya ƙauri, na hau tudu. Na sami rugar Mu'azu da azahar. Ya ba ni kindirmo a ƙwarya, ya bar ni na shiga garken na duba kofato ɗaya bayan ɗaya. Ya ce da dariya, in na ga sa mai kantar karkiya a wuya a cikin shanunsa, in tafi da garken duka har da shi. Ban gani ba. Sawunsu ma ya girmi ruwan.

A hanyar dawowa na zauna a kan wani dutse. Barci ya ɗan ɗauke ni. Na ga bijiman suna tafiya a saman gajimare, farin a dama, baƙin a hagu, ba su bar sawu ba. Na farka ina jin haushin kaina. Sa ba ya tashi sama. In bai taka ƙasa ba, wani abu ya taka a madadinsa.

* * *

Na koma dutsen da la'asar. Na bi bakinsa a hankali.

Ta gefe uku yana gangarawa ne ya haɗu da ƙasa. Nan kowa ya duba, nan Kalibu ya yi ta zagaye. Ta gabas kuwa a yanke yake kamar bango, tsayinsa ya kai ƙugun mutum, a ƙarƙashinsa hanyar da ke zuwa mayo. Ba wanda ya taɓa duba wurin, don babu san da zai yi wannan tsalle.

A daidai bakin na ga kashin sa. Sabo, na safiyar. Rabi ne.

Na durƙusa. Ya faɗi ya baje kamar yadda ya saba, amma gefensa na waje a miƙe yake sak, kamar an sa wuƙa. Na leƙa ƙasa. Babu abin da ya zuba a hanya. Ɗaya rabin ya faɗa kan wani abu mai baki a miƙe, wanda yake jingine da dutsen da safe, kuma yanzu ba ya nan.

A ƙasa sawun taya ne kawai. Masu ɗibar yashi da masu wankin mota kullum ta nan suke bi. Mu da aka ce mu fitar da sawu, kofato muke nema. Taya ba sawu ba ce a idonmu. Damina biyu tana gabanmu.

Na karɓi kwanon Margret na kife a kai, na ɗora dutse. Na ce mata ko kaza kada ta taɓa.

* * *

Motocin ƙauyenmu ba su da yawa. Mai buɗaɗɗen baya wadda tsayinta zai zo daidai da dutsen, ɗaya na sani.

Gidan kansila ya sha fasta har ƙofar. A-kori-kurar kamfen tana tsaye a waje, an wanke ta tas, ranar da kowace hanya laka ce. Alex, ɗan yayar Edwin, shi ke tuƙa ta. Ya gaishe ni bai ɗago ba.

Edwin ya taso ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ba mugu ba ne. Na san shi tun yana kiwon awaki. Mutum ne mai son a so shi. Ya yi mini dogon bayani a kan tsaro, ya ce tun da aka kama Kalibu mutane suke barci da ido biyu a rufe, kuma bai so wannan ƙaramar sata ta ɓata masa suna ana saura kwanaki firamare.

Na ce, "Honarabul, in Kalibu yana ɗaure kuma sata ba ta mutu ba, me ka kashe?"

Ya yi dariya. Ya ce mai yiwuwa yana da abokan aiki.

Na ce masa gobe da hantsi zan nuna ɓarawon a kan dutsen. Ya tara jama'a, ya zo da lasifikarsa kowa ya ji. Fuskarsa ta yi haske. Ya ce shi da kansa zai buɗe taron.

* * *

Ba a yi ruwa ba. Na gode wa Allah.

Da hantsi dutsen ya cika. Jauro yana kan kujera. Hayatu yana tsaye, Alhaji Mato a gefensa da carbi. Yaji ya zauna can baya. Margret tana ita kaɗai, an bar fili tsakaninta da mutane. Gajimare bai gama tashi ba, mutanen da ke nesa kamar inuwa suke.

Motar ta zo ta hanyar mayo da waƙar kamfen. Na ce a sauke lasifikar a kan dutsen. Alex ya ce a ɗauko ta da hannu daga inda ya tsaya. Edwin ya daka masa tsawa ya matso da motar, kada ya ba shi kunya a gaban mutane.

Wurin matsattse ne, ga rami, ga kututture. Baƙon direba sai ya yi ta gaba da baya ana yi masa kwatance. Alex ya sa ribas sau ɗaya, ko waiwaye bai yi ba. Tayoyin suka zauna cikin tsohon gurbinsu. Aka saki ƙofar baya, ta kwanta a bakin dutsen, ta daki kwanon.

Na ɗauke kwanon.

Bakin ƙofar ya zauna a kan yankan kashin kamar tela ya auna. Na sa tsinke cikin maƙalar ƙofar, inda ruwan wanki ba ya shiga, na tono kashin sa. Na miƙa wa Hayatu a tafin hannu. Ya shinshina. Dusar da yake ba shanunsa tana ciki.

Na juya ga Margret. "'Yata, jauro ya ce ki fitar da sawu. Fitar."

Ta zo bakin dutsen. Ta daɗe tana kallon ƙasa. Sannan ta miƙa hannu ta nuna sawun tayar, ta bi shi da yatsa har inda ya sha kwana ya nufi Mubi.

Jauro ya ce, "Ya fita."

Na ce mota ba ta kwance sa daga turke. Wanda ya koro su ya bar farin ya ci ciyawa, ya jira baƙin saboda ƙafarsa. Ban ambaci suna ba. Mutane da kansu suka waiwaya. Yaji bai gudu ba. Ya rufe fuska da hula, ya ce shanun suna wani gida a bayan Lamorde, ba a sayar ba tukuna, kuma don Allah a gasa wa baƙin ƙafa.

Alhaji Mato ya taka zuwa gabansa. Muryarsa ƙasa ƙasa.

"Shanuna fa, Yaji? Kai ka yi musu horo."

Yaji ya gyaɗa kai.

"Kalibu yana ciki?"

"Ko sani bai yi ba, Alhaji. Dutsensa kawai muka ara."

Abin magana yana hannun Edwin. Duk ido ya koma kansa. Na yarda bai san abin da ɗan yayarsa yake yi da motar ba. Ba wannan ake jira ba. Magana ɗaya ake jira, kuma gajera ce.

Ya yi tari. Ya gode wa jauro, ya gode mini. Ya ce ɓarayi za su fuskanci hukuma ko 'yan gidan wa ne. Game da Kalibu, ya ce maganar kotu ba a yi mata gaggawa, kuma bai dace a cusa siyasa a ciki ba. Ya ce da zarar an gama firamare zai kafa kwamiti.

Margret ta yi dariya. Ba mai ƙarfi ba. Lasifikar ta ɗauka ta kai har gonaki.

Alhaji Mato ya sa carbinsa a aljihu. Ya ce da ita, "Maman yara, gobe ki shirya da wuri. Ni na kai ƙara, ni zan je in ce na yi kuskure."

Na matsa kusa da Edwin, na ce masa a kunne ya bi su. Ya ce, "Baba, ba ka san siyasa ba. In na ce na yi kuskure yanzu, na mutu."

Na bar shi. Ba na maimaita magana.

* * *

Firamaren layi aka yi a filin makaranta. Ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su jeru a bayansa. Malama Dorathy, wadda ta yi ritaya daga koyarwa, ita ta tsaya takara da shi. Ba wanda ya zaci za ta kai ko kusa kafin ranar dutsen.

Ban je ba. Ba ni da jam'iyya. Da yamma, bayan an watse, na bi ta filin. An yi yayyafi da safe, ƙasa ta riƙe komai.

Inda Dorathy ta tsaya, layin ya miƙe har ya zagaya bishiyar mangwaro, ƙasa ta zama kamar masussuka. Inda Edwin ya tsaya, takalminsa ya nutse, alamar ya daɗe bai motsa ba. A bayansa na ga abin da ya faru. Mutane sun zo sun jeru, da yawa. Sun tsaya. Sai wani ya juya dunduniya. Sai na bayansa. Sawu ya yi ta tsallaka filin a karkace, ɗaya ɗaya, kamar shanu suna barin rijiyar da ta ƙafe. Na gane na Hayatu. Na gane na 'yan bangan da suka kama Kalibu. Akwai na wata tsohuwa mai sanda, ta fita daga layin, ta tsaya a tsakiya, ba ta je ko'ina ba, ta yi gida. Gwaggon Edwin ce.

Wanda aka ɗora a kan kama ɓarawo, da aka gane ba ɓarawo ya kama ba, hanya ɗaya ta rage masa. Ya gan ta, ya ce sai bayan firamare.

* * *

Kotu ba ta sauri. Aka yi noma, aka yi maimai, masara ta yi goyo, dawa ta fitar da kai. Alhaji Mato bai fasa zuwa ba ko sau ɗaya. Da aka kira Edwin, ya je ya faɗi abin da Margret ta roƙe shi tun farko. A lokacin babu mai bukatar jin ta bakinsa sosai.

Wata safiya da kaka ina dawowa daga gona, raɓa ba ta bushe ba, na ga sawun da ban sani ba. Ya sauka daga babur a bakin hanya. Namiji ne, ba nauyi. Takunsa gajere, kuma yana tafiya kaɗan sai ya tsaya ya ɗan juya, kamar mai tsammanin bango a gabansa. Na san ƙafar kowa a ƙauyen nan. Wannan ban san ta ba.

Na bi shi. Ya tsaya a gonar jauro, ya tsuguna, ya ɗebi ƙasa. Ya wuce. A gindin ɗorawa takun ya ɗan buɗe. A kwanar coci ya ƙara buɗewa, babban yatsan hagu ya fara fita waje. Nan na tsaya. Na san yatsan.

Daga nan gudu ya yi.

Sawun ya kai gindin dutsen, ya hau. Ban bi ba. Daga cikin gidan ina jin kukan yara da muryar Margret tana kiran sunan Allah. Na zagaya bakin dutsen duk da haka, har ta gabas, don sabo.

Bai fita ba.